Karin Kumallon da Graciete Ta Nema

Mijin yayata, Armindo, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aski, amma bai taɓa taɓa kan mutum ba. Ciyawa yake aske wa. Shekarar da wani kamfani ya saye gonakin ɓauren da ke tsakanin ƙauyenmu da teku ya mai da su filin wasan ƙwallon golf, aka ɗauke shi aikin tsince duwatsu, yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Daga tsintar dutse ya koma ban ruwa, daga ban ruwa ya hau injin yankan ciyawa, daga ƙarshe aka damƙa masa dardumomi. Haka ma'aikatan ke kiran lallausar ciyawar nan da ke kewaye da kowane rami, inda ake kafa tuta. Guda goma sha takwas ne, kuma kowace safiya sai an aske su kafin ɗan wasa na farko ya iso.

Gajere ne, mai kauri, wuyansa ya ƙone da rana, goshinsa kuwa fari fat saboda hula. Maganarsa ta yini ba ta cika kofin shayi ba. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa shi wasan nan me ake yi a cikinsa, ya ce, "Mutane ne ke zuwa su tattaka aikin mutum su tafi." Yakan durƙusa ya shinshina ƙasa ya gaya maka za ta yi ciwo nan da kwana uku, kuma ta yi. Amma ka tambaye shi launin labulen ɗakinsa, sai ya leƙa.

Ni ce Zulmira, ƙanwar matarsa Graciete. Ina da shagon gyaran gashi a bakin kasuwa, mijina ya rasu, kuma ba na ajiye magana a ciki ta ruɓe. Tun ranar da Armindo ya fara zuwa zance gidanmu nake tsokanarsa, har yau bai rama ba. Abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

Ƙarfe huɗu na asuba yake tashi, huɗu da rabi ka ji ɗan babur ɗinsa ya bar unguwa. Ranar hutunsa ma haka yake tashi, ya je ya tsaya a bakin shingen filin yana kallon wanda ya karɓe shi, ko yana yin daidai. Don haka yayata ita kaɗai take karin kumallo, a tsaye, a bakin tagar ɗakin girki. Sau ɗaya tak suka taɓa zama tare da safe, washegarin bikinsu, shi ma uwarsa na zaune a tsakaninsu, kuma giyar biki ba ta sake shi ba, ko ruwa bai iya haɗiya ba. Graciete ta ce wannan ba ta lissafa shi.

Da ya yi ritaya a ƙarshen watan Agusta, kamfani ya yi masa kyauta: mako guda a otal ɗin filin, shi da iyalinsa, ɗaki uku, ci da sha duk a kansu. Daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar otal ɗin kilomita huɗu ne. Mutane na tasowa daga Ingila da Jamus su zo nan yankinmu na Algarve hutu, mu kuwa da mun ga dama da ƙafa ma sai mu je.

A shagona Graciete ta faɗi sharaɗinta. Ina cikin naɗa mata gashi, shi kuma ya zo ɗaukarta yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Ta madubi ta dube shi.

"Kai mutumin nan, ka saurare ni, ga Zulmira shaida. Ban nemi iyo ba, ban nemi rawa ba. Safiya bakwai za mu yi a can. Ina so in zauna a tebur, kai ma ka zauna, mu karya tare kamar sauran mutane. In bakwai ta gagara, ko ɗaya ce na karɓa. In ban samu ko ɗaya ba, ranar komawa motar Noémia zan shiga."

Noémia 'yarsu ce tilo, tana aure a can garin Setúbal, kuma ta shekara biyu tana roƙon uwarta ta koma wurinta da zama. Har ɗaki ta gyara mata.

Armindo ya ce, "Ai ba wani abu ba ne."

Ni na san wani abu ne. Yayata ba ta barazana. A wannan makon ta je gidan maƙwabciya ta tambaye ta ko za ta iya riƙe kaji, in ta kama.

Ranar Asabar muka tafi a motar Telmo, mijin Noémia, da 'yan biyunsu mata. Graciete ta ɗauko tukunya, da kwalbar man zaitun, da buhun dankali, da zannuwan gado.

Telmo ya ce, "Mama, akwai abinci a can fa."

"Na san akwai. Wa ya dafa?"

Da muka isa babbar ƙofar gilashi, muka shiga, muka waiwaya babu Armindo. Can sai ga shi ya ɓullo ta bayan masu karɓar baƙi, ta wata 'yar ƙofa kusa da ɗakin wanki. Ya zagaye ginin gaba ɗaya da akwati a kafaɗa. Noémia ta ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce nan ce ƙofar. Manajan otal da kansa ya raka Armindo da Graciete ɗakinsu, ya yaye labule yana murmushi, ya ce musamman ya zaɓa musu wannan don girmamawa. Barandar na kallon darduma ta goma sha takwas, tana shimfiɗe a ƙasa, bayanta teku. Na ce a raina, wannan manaja ko dai sakarai ne ko mugu. Kamar ka kwantar da mashayi a ɗakin ajiyar giya ne.

Safiyar farko Graciete ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, na gyara mata gashi tun ƙarfe bakwai. Armindo ya ce mu yi gaba, zai ɗaura takalmi. Muka zauna a babban ɗakin cin abinci, teburi da farin ƙyalle, burodi kala bakwai, cuku, ƙwai, 'ya'yan itace jibge. Yayata ta hana a zuba mata komai. Ƙarfe tara ya shigo yana goge baki. Wai ƙafarsa ce ta bi matakalar ma'aikata, ta kai shi inda suke cin abinci, abokan aiki suka yi shewa, suka ja masa benci, suka tura masa burodi da nama. Ya za a yi ya ƙi?

"To zauna," in ji Graciete.

"Ai na ƙoshi."

Ta naɗe ƙyallen cinyarta sau huɗu, ta ajiye a gefen faranti, ta tashi.

Washegari muka sa shi a tsakiya, ni a dama, Telmo a hagu, har tebur. Ya zauna. Wallahi ya zauna, na gani da idona. Sai ga Custódio, mai kawo abinci, wanda suka shekara talatin suna zaman benci ɗaya, cikin farar riga, ya rusuna ya ce, "Me za a kawo wa yallaɓai?"

Armindo ya miƙe tsaye zumbur.

"Don Allah zauna," in ji Custódio ƙasa-ƙasa, "za ka ja min magana."

"Bari in ɗauko da kaina."

"Armindo, ka zauna, manaja na kallo."

Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita. Custódio ya tafi ɗauko gahawa. Da ya yi sauri da minti ɗaya, da labarin nan ya ƙare a nan kowa ya huta. Amma a cikin wannan mintin idon Armindo ya tsallake kafaɗar matarsa, ya fita ta taga, ya sauka a kan darduma. Na ga fuskarsa ta sauya. Ni na duba ban ga komai ba sai kore. Shi ya ga wani tabo mai ruwan ƙasa, bai kai faɗin faranti ba.

"Minti biyar," ya ce.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya dawo, gwiwoyin wandonsa jiƙe.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya yi mana bayani da rana, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. A watan Satumba iskar teku na kawo raɓa mai nauyi. In raɓar ta kwana a kan darduma har rana ta same ta, ciyawa na kamuwa da wata cuta mai cin ta da'ira-da'ira. Maganin shi ne mutum ya fito kafin rana da doguwar gora, ya bi kowace darduma yana kaɗe raɓar. Shekara arba'in yana yi, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya rubuta a ko'ina. Da ya yi ritaya, ba wanda ya ci gaba da yi. Wadda ta gaje shi, Injiniya Carlota, mace ce mai kirki da ilimi, tana da na'urori binne a ƙasa masu aiko mata da labari a waya, kuma na'urorin sun ce lafiya lau. Ya je ya same ta. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baba Armindo, kai yanzu baƙo ne. Zan duba, na yi alkawari. Je ka yi iyo."

Ya ce mata bai iya ba. Gaskiya ya faɗa, shekara sittin da biyar a bakin teku bai taɓa shiga ya wuce idon sawu ba.

Daga ranar ya koma bakin aiki. Ƙarfe huɗu da rabi zai zame daga gado, ya je bayan rumfar injuna inda ya san ya jingine gorarsa, ya bi dardumomi goma sha takwas da ƙafa. Kullum niyyarsa ya gama ya dawo kafin takwas. Amma wanda ya kaɗe raɓa zai ga ramin da aka huda a karkace, wanda ya ga ramin zai ga bututun da ke yoyo, haka dai har rana ta take.

Sauranmu muna ta hutu. Telmo ya kwanta a bakin kwamin iyo har ya yi ja kamar dafaffen jatan lande. 'Yan biyu suka gano ana ba da askirim ba a tambayar kowa komai. Ni kam ban bar tire ɗaya ban ɗanɗana ba, don ba ni na yi wa kowa alkawari ba. Graciete kuwa kullum sai ta gyara gado ta share ɗaki ta wanke bayi kafin masu gyaran ɗaki su zo, don kada a je ƙauye a ce ƙazama ce. Tukunyar tana cikin kabad, ba ta sami inda za ta ɗora ta ba.

Kowace safiya ƙarfe bakwai da rabi tana tebur, da shuɗiyar riga, kofi biyu a gabanta. Ba ta ci, ba ta sha, har ƙarfe goma da rabi a fara kwashe kaya. Wata tsohuwar Bajamushiya da ke teburin kusa ta lura da kofin da ba mai shi. Rana ta huɗu ta taso ta kama hannun yayata, ta shafa, idonta ya kawo ruwa, ta yi mata ta'aziyya da yarensu. Graciete ta karɓa, ta yi godiya.

Na ce, "Yaya, ba ki gaya mata yana raye ba?"

"Ta ina zan fara?"

Ran nan na ɗauke takalmansa duka, ƙafa uku, na kulle a akwatina. Bai hana komai ba. Ya fita da farin silifan otal da farar rigar wankan otal a kan wandonsa, saboda sanyin asuba. Wani baƙo ɗan Ingila da ya leƙo baranda ya ga farin abu na yawo cikin hazo da doguwar sanda, ya kira masu karɓar baƙi ya ce ya ga fatalwa. Manaja ya ɗauko littafin dokokin baƙi ya duba daga farko har ƙarshe. An hana baƙo hawa darduma da mota, an hana shi shigo da kare, an hana shi wasa ba riga. Ba inda aka hana shi kaɗe raɓa. Sai ya roƙi Armindo, in ba damuwa, ya riƙa sa kaya masu duhu.

Ranar Alhamis da yamma na ritsa shi a bakin teku. Yana zaune ƙarƙashin laima da dogon wando da safa, hannu a gwiwa, yana kallon ruwa kamar an ba shi gadinsa. Graciete ta yi nisa da jikokinta suna tsintar katantanwa. Na tsaya a kansa na sauke masa duk abin da ke cikina.

"Kai wane irin mutum ne? Ciyawar nan ita ta haifa maka Noémia? Ita ta yi jinyar uwarka shekara shida? Sun sallame ka, Armindo, sun ba ka takarda, sun tafa maka, an gama! Saura safiya biyu. Kana tsammanin wasa take yi? Ta riga ta ba da kajinta!"

Ya ɗago. "Ta ba da kajin?"

"Har da zakaran."

Ya shiga murza hularsa. Na ɗauka ya gama maganar yini ke nan, har na juya. Sai na ji ya ce, "Zulmira."

"Mene ne?"

"In na zauna a teburin nan, me zan ce mata?"

"Kamar yaya me za ka ce mata? Matarka ce!"

"Da yamma na san ta. In na dawo a gajiye ta ba ni abinci, ta ba ni labarin unguwa, in yi gyangyaɗi. Da safe ban san ta ba. Ran nan da na zauna, ta dube ni, ta yi kwalliya, tana jira. Na lalubi cikina kaf ban sami komai ba. In na zauna ta ga ba komai, shekara arba'in tana jiran ba komai, to sai yaya?"

Na so in zage shi, amma ina. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin. Na ce masa, "Sakarai, wa ya ce sai ka yi magana? Ka tauna burodi kawai." Na mayar masa da takalmansa a ranar.

Ya yi ƙoƙari ranar Juma'a, wannan ba zan danne masa ba. Ya kaɗe raɓarsa a guje, ya rufe ido ga ramin da ya karkace, ya dawo ya yi wanka ya aske gemu, ya sa farar rigarsa ta biki. Sai ya tsaya a gaban madubi, ya zauna a bakin gado, ya sake tashi. Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar ya shigo ɗakin cin abinci ta babbar ƙofa. Custódio na naɗe ƙyallen teburin. Graciete ta tashi tun ƙarfe goma, karon farko da ba ta jira har ƙarshe ba.

A filin ajiye motoci ya same ta, tana tsaye da Telmo, an buɗe bayan mota, tana auna faɗinsa da taƙi.

"Keken ɗinkin zai shiga in an kwantar da shi," take cewa. "Gobe in mun fita sai mu biya ta gida, ba zan daɗe ba. Kayan sanyi sai wani zuwan."

Noémia ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai. Armindo ya tsaya da farar rigarsa, gashinsa jiƙe. Na ga hannunsa na neman hular da bai sa ba. Ya juya ya tafi, kuma ba sai na faɗi inda ya nufa ba. Yinin nan ba wanda ya ci abincin kirki, har ni.

Asubar Asabar aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Graciete ce, da shuɗiyar riga, da takalminta mai tsini wanda ta saya don bikin Noémia, ta gyara gashinta da kanta, a karkace.

"Tashi ki riƙe min kwando."

"Ina za mu?"

"Karin kumallo."

Muka bi ta ɗakin girkin otal, inda Custódio ya riga ya cika mata filas da gahawa, ya naɗe burodi mai zafi da cuku da ɓaure a ƙyalle. Bai tambaye ta komai ba. A bakin hanyar teku ta zari kujeru biyu masu naɗewa, irin masu siririyar ƙafar ƙarfe, ta saɓa a kafaɗa. Gari ya fara wayewa, teku na huci a ƙasan dutse. Sai da na ga tuta a gabanmu na gane inda muka nufa.

"Yaya, ba dai a kan darduma ba?"

"Ita yake yi a ƙarshe. Kwana huɗu ina kallonsa ta baranda."

"Yaya, takalminki!"

Ta hau. Kowane taku tsinin takalmin na nutsewa ya fito da 'yar ƙara, ya bar huda. Ta yi tafiyarta a tsanake har tsakiya, kusa da tuta, ta buɗe kujera ɗaya ta zauna, ƙafafun ƙarfen nan huɗu suka lume. Ɗaya kujerar ta kwantar da ita a gefe, a naɗe. Ni na tsaya a baki, ƙafata ta ƙi hawa. Na san mutumin nan. Ƙwaro in ya huda masa darduma sai ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Ban taɓa ganin fushinsa ba, kuma na tabbata yau zan gani.

Ba mu daɗe ba ya ɓullo daga gangaren rami na goma sha bakwai, gora a kafaɗa, kai a sunkuye. Abin da ya fara gani hudojin ne. Ya tsaya cak. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin sawun ɓarawo, har suka kai shi ga takalmin, daga takalmin zuwa ƙafafun kujera, daga nan zuwa fuskar matarsa.

Graciete ta ce, "Wannan ce safiya ta bakwai. Ga kujera nan."

Ya dubi kujerar da ke kwance. Ya dubi ciyawar da ke ƙarƙashinta, raɓa na ƙyalli a kai, ba a kaɗe ba, ga rana ta fara leƙowa ta bayan otal. Na rantse na ƙirga numfashina ya kai ashirin. Sannan ya sauke gorar ya kwantar a bakin darduma. Ya tako a hankali, ya ɗauki kujerar, ya buɗe, ya yi ta juya ta yana neman inda ba za ta yi ɓarna ba. Babu. Ya ajiye ta daura da matarsa, ya zauna da dukan nauyinsa. Na ji ƙarar shigar ƙarfen cikin ƙasa daga inda nake, ya runtse ido kamar a jikinsa aka soka.

Graciete ta miƙo hannu na ba ta kwandon daga nesa. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ke kuma me kike jira? Je ki ce wa Noémia ba yau ba."

Na ce to, amma ban tafi ba. Na ja baya kaɗan na tsaya, don ni ba a korata daga inda ake abu.

Ta shimfiɗa ƙyalle a cinyarta, ta gutsura burodi ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Ta fito da kofi biyu, ta zuba gahawa, tururi ya tashi. Ta buɗe 'yar takardar sukari, ta ɗebo da cokali, ta kai kan kofinsa. Sai hannunta ya tsaya a sama.

"Cokali nawa?" ta ce.

Gahawa sau ɗaya yake sha a rana, da asuba, a rumfar ma'aikata. Sai a lokacin abin ya faɗo min.

"Ba na sa sukari," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin aurenmu."

Ta dubi cokalin. Ta mayar da sukarin cikin takarda a hankali, ko ƙwaya ba ta zubar ba. Ni kuwa hawaye suka zubo min, na baƙin ciki, na haushin su biyun, na shekarun nan arba'in da ɗaya da ba mai dawo da su. Na toshe bakina da hannu don kada su ji.

Armindo ya ajiye burodinsa a gwiwa. Ya miƙa hannu ya karɓi cokalin daga hannunta.

"Ke fa?"

"Biyu."

Ya zuba mata biyu. Ya shiga juyawa, yana ta juyawa, bai san inda ake tsayawa ba, ita kuma ba ta ce masa ya isa ba.